Bayanan Sirrinmu Amana Ne a Hannunmu

Takardar da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin Masarautar Kazaure mazauna birane



An umurce ni in yi bayani a kan wata dukiya wadda kowannenmu ya mallaka, amma kaɗan ne suka san darajarta, wato sunan mutum da ranar haihuwarsa da hotonsa da zanen yatsunsa da lambar wayarsa da ta asusunsa na banki. Wannan batu ya dace da mu, domin tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka san Kazaure da cibiyar koyar da ilmin kwamfuta.

Da farko, ta ina ake tattara waɗannan bayanai? A shekarar 2007 aka kafa hukumar NIMC, mai ba da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. A 2011 aka soma rajistar layukan waya. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi wa manoma rajista domin rabon taki ta wayar salula. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN. A Disamba 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da NIN, kuma a Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Ta haka waya da banki da fasfo da jarrabawar JAMB suka rataya a kan lamba ɗaya mai alƙaluma 11.

Babu shakka akwai alheri a ciki, domin da su ake tantance mai asusu, a kuma gano wanda ya cancanci tallafi. Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dattijon da ya miƙa katinsa da lambar sirrinsa ga baƙo a kasuwar Babura, ko uwar da ta ba da NIN ɗinta a Roni ko Gwiwa don an yi mata alkawarin tallafi, sun ba da mabuɗin gidansu ne. Idan aka yi rajistar layi da sunan mutum aka aikata laifi da shi, shi hukuma za ta fara nema. Mu ma na birni ba mu tsira ba. Wasu manhajojin ba da rance sukan kwashe lambobin da ke wayar mai cin bashi, su tozarta shi a wurin danginsa, abin da ya sa hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta far musu a 2022.

Doka tana tare da mu. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashinta mutum yana da haƙƙin sanin dalilin karɓar bayanansa, da neman a gyara kuskure, da janye amincewarsa, da kai ƙara ga hukumar.

Saboda haka, ya 'yan'uwa, nauyin yana kanmu, domin mu ake bugo wa waya daga gida idan abu ya ɓaci. Duk wanda ya je sallah ko biki, ya zaunar da iyaye da ƙanne ya gaya musu abu uku. Banki ba ya neman lambar sirri ta waya. Kada a ba kowa aron NIN ko layi, ko da ɗan'uwa ne. Kafin a dangwala yatsa, a tambayi wane ne mai karɓa, kuma me zai yi da shi. Ina kuma roƙon wannan ƙungiya ta nemi haɗin kan limamai da masu unguwanni da ɗalibanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, domin saƙon ya isa kowane ƙauye.

Allah Ya tsare mana mutuncinmu da dukiyoyinmu, Ya ja zamanin Sarki, Ya mai da kowa gidansa lafiya.