Kujerar Wanka: Darasin Da Na Koya Daga Jinyar Kawuna

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan uwa da data ko netwok suka hana su sauraro.

Yau a kan kujera zan yi magana. Eh, kujera. Ku dai bi ni a hankali.

Bara kawuna ya faɗi da babur a hanyarsa ta dawowa daga kasuwar Batsari. Ba hular kwano, kansa ya daki dutse. Aka garzaya da shi Katsina, ya yi makonni a kwance, Allah ya tashi kafaɗunsa. Sai dai ya dawo gida ɓarin jikinsa na hagu ba ƙarfi, ga jiri da zarar ya miƙe. Kwana uku da dawowarsa aka kai masa ruwa bayi, aka ajiye masa 'yar kujerar tsugunno. Ya zauna da ƙyar, ya sa sabulu a fuska, ya rufe ido, sai jin faɗuwarsa muka yi. Saura ƙiris ya sake buga inda aka ɗinke. Tun daga ranar ya ce shi da wanka haihata-haihata. Dattijon da bai taɓa fita Juma'a ba wanka ba ya koma zaman ɗaki, don ya gwammace datti da 'ya'yan cikinsa su riƙe shi tsirara.

Wani ma'aikacin fisiyo ne ya warware mini abin da ya faru. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya hagun jiki, na hagu kuma ya juya dama. Idan wuri ya taɓu, ko ta buguwa ko ta shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke jawowa, mutum kan rasa daidaiton zama, sai ya dogara da idonsa. Yana rufe ido ya karkace. Wani ma mantawa yake da ɓangaren da ya shanye, wani kuma fatarsa ba ta bambance ruwan zafi da na sanyi. Ku haɗa wannan da santsin bayinmu na gansakuka da kumfa.

Da farko na yi wauta, na ɗauko farar kujerar roba ta biki na kai masa. Ƙafafunta suka baje a jiƙaƙƙen siminti, ruwa ya taru a mazaunin. Sai na tafi wurin mai walda, muka zauna muka yi lissafi.

Na ɗaya, tsayi. Mun auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa yana zaune, yadda tafin ƙafarsa biyu za su dafe ƙasa. Kujerar da ta yi ƙasa, tashi daga kanta wahala ne. Wadda ta yi sama kuma ƙafa na lilo, mutum ya zame.

Na biyu, jingina da hannuwa. Kawu hagu yake karkacewa, don haka muka ɗaga hannun kujerar na hagu, muka naɗe shi da tsohon tub ɗin babur kada ƙarfe ya goge masa fata. Hannun dama shi yake dafawa ya tashi.

Na uku, mazauni. Katako muka jera da 'yar tazara don ruwa ya wuce, kafinta ya goge shi sumul. Wanda ba ya jin fatarsa, ɗan tsinin ƙusa kan zame masa gyambo bai sani ba.

Na huɗu, ƙafafu. Mun buɗa su kaɗan, muka yanko tsohuwar taya muka sa a ƙarƙashin kowace, ƙarfen kuma aka yi masa fenti saboda tsatsa.

Sauran ƙananan abubuwa ne: bokiti a kan dutse ta hannun da ke aiki don kada ya sunkuya, sabulu cikin ragar soso a ɗaure da igiya, ƙarfen dafawa a bango. Ruwan kuma mai lafiya ne zai fara taɓawa. A watan farko ƙanena na tsaye a ƙofa, baya juye. Yanzu Kawu shi ke wankansa, har ya koma fita masallaci da sanda.

Amma fa kada a kwafi awon Kawu a yi wa wani. Kowane majinyaci da nasa. Wanda ba ya iya riƙe wuyansa, ko mai farfaɗiya bayan buguwar, ba a barinsa shi kaɗai ko da kujera. A tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

Me ya sa na kawo wannan? Batsari da Safana a bakin dajin Rugu muke. Mun ga abin da ya faru a Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020. Muna ƙirga waɗanda suka rasu, amma wa ke ƙirga waɗanda suka tsira da rauni a ka? Ga haɗarin babur, ga hawan jini. Asibiti zai sallame ka, sauran jinyar a tsakar gida take, galibi a wuyan mata.

Kuma kujerar nan ba kayan gayu ba ce. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin kayan tallafi 50 mafi muhimmanci, kujerar wanka da ta bayan gida na ciki. Rahotonta da UNICEF na 2022 ya ce sama da mutum biliyan 2.5 ke buƙatar irin waɗannan kaya, kusan biliyan ɗaya ba sa samu. A nan gida, tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Dokar na nan a takarda, sai dai har yau ban ga ta leƙo bayin ƙauyenmu ba.

To matasa, ga aikin wannan makon. Ka leƙa gida ɗaya a unguwarku da ke da irin wannan majinyaci, ka yi sallama, ka tambayi mai jinyar yadda ake masa wanka. Masu walda da kafintocin Batsari, Safana, Runka da Dutsin-Ma, wanda zai ba da aikin hannunsa ya yi magana a ƙasa, mu haɗa ku da masu buƙata. Masu babur kuma, don girman Allah a sa hular kwano.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da yankinmu. Sai mun haɗu mako mai zuwa.