Jawabi kan murfin taga da tattalin itace lokacin hunturu



Wani zai ce, me ya haɗa ofishin kare 'yan gudun hijira da maganar taga? Itace ne ya haɗa mu. Tun da aka buɗe sansanin nan na Minawao a 2013 daji yake ja da baya, kuma mun san masu tafiya nesa neman itace: matanmu ne da 'ya'yanmu mata. Duk damin da ba mu ƙona ba, mun rage musu tafiya ɗaya, da haɗarin da ke kan hanya.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan shigo ta taga da asuba, sai mu tashi mu hura wuta saboda yara. Idan tagar na da murfi mai kauri, ɗumin ɗaki zai daɗe bai fita ba.

Ga yadda ake yinsa. A haɗa katako ko sanduna daidai girman taga. A ɗaura tabarma ko buhu gaba da baya, a cusa kwali, busasshiyar ciyawa ko tsummoki a tsakiya, kaurin yatsu uku. Iskar da ta maƙale a cikin abin da aka cusa ita ke tare sanyi, kamar yadda bargo yake yi. Kwano shi kaɗai ba ya tarewa: da dare ya ɗauki sanyi, da rana ya ɗauki zafi. A toshe gefe da tsumma don kada iska ta zuro.

Da bazara ma yana da amfani. A rufe da hantsi, musamman tagar da rana ke duka, a buɗe bayan faɗuwar rana, a kwana cikin gidan sauro.

Sai gargaɗi biyu, don Allah mu riƙe su.

Na ɗaya, kada a rufe ƙofa da taga alhali akwai garwashi a ɗaki. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba a ganinta, ba a jin warinta. Tana farawa da ciwon kai, jiri da amai, tana kashe mai barci. A fitar da wuta waje kafin a rufe. Wanda ya ji haka, a buɗe ko'ina, a fitar da shi, a garzaya da shi asibiti.

Na biyu, kada a buge murfin da ƙusa ya zama ba ya buɗuwa. A sa masa sakata daga ciki, ta hana mai leƙe, ta kuma buɗu nan take idan gobara ta tashi. Fitila da kyandir su yi nesa da shi, ciyawa ba ta wasa da wuta.

Cikinmu akwai tsofaffi da masu naƙasa da matan da ke riƙe da gida su kaɗai. Matasa, idan kun gama naku, ku leƙa na maƙwabci.

Allah ya tsare mu, ya mai da mu gida lafiya.