Ja Da Baya Ga Rago Ba Tsoro Ba Ne

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara)



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni dama in ce wani abu game da lafiyar jiki. Ni dai ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, don haka abin da ya same ni kawai zan faɗa muku.

'Yan ajinmu ba za su manta ba, ni ne ƙaramin kowa, ko jan igiya za a yi ranar wasannin gidaje ba a sa ni. Abin nan ya tsaya mini a rai. Shi ya sa ina shiga jami'a na kama ɗaga ƙarfe. Na fara da gwangwanaye biyu da aka cika da siminti aka soka musu bututu, daga baya na koma gidan motsa jiki. Kwana biyar a mako nake zuwa, na fi shekara goma a haka.

A ƙarshen shekarar 2023, lokacin shirya kasafin kuɗi, aiki ya yi mana yawa a ma'aikata, ba na barin ofis sai bayan isha'i. Duk da haka ban rage ƙarfe ba, don a ganina shi ne maganin gajiyar. Sai barci ya ƙaurace mini, ƙugu ya riƙe, nauyin da nake ɗagawa sau goma ya gagare ni sau biyar. Abin da ya fi damuna, wata rana ɗiyata ta kawo mini littafinta in gani, na daka mata tsawa ba gaira ba dalili. Washegari maiɗakina ta matsa mini na je asibiti. Aka auna jinina sau da yawa cikin mako biyu, kullum yana haura 140 bisa 90, wato mizanin da ake kira hawan jini.

Bayanin da likita ya yi mini, da harshen ofis na fahimce shi. Jiki asusu ɗaya gare shi. Ofis yana cira, hidimar gida tana cira, ƙarfe yana cira, kuma babban abin da ke shiga asusun shi ne barci da abinci. Damuwa tana sa jiki ya ƙara fitar da wani sinadari mai suna kotisol, wanda idan ya daɗe a sama yakan hana barci, ya jinkirta warkewa. Tsoka kuwa ba lokacin ɗagawa take ginuwa ba. Ɗagawa gajiyar da ita yake yi, sai an huta jiki ke gyara ta. Shi ya sa ake son a bar tsokar da aka wahalar kamar awa 48 kafin a sake komawa kanta. Ya kuma ja mini kunne cewa riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi mai yawa yana harba jini sama nan take.

Ga abin da na yi bisa shawararsa. Mako biyun farko ban taɓa ƙarfe ba. Da sassafe nakan yi tafiyar minti 30, da saurin da zan iya hira amma ba zan iya rera waƙa ba. In na dawo sai in yi minti goma ina miƙe ƙugu da cinya da kafaɗa a hankali, ba fizga. Da dare in zauna minti biyar ina jan numfashi ta hanci, ina sakinsa sannu-sannu, sannan in kwanta da niyyar samun barcin awa bakwai. A mako na uku na koma ƙarfe, amma sau biyu a mako, da rabin nauyin da na saba.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji kunya ranar da samari suka ga ina ɗaga abin da ƙannena ke ɗagawa. Tsorona shi ne ƙarfin shekara goma ya zube. Bai zube ba. Bayan wata biyu barci ya dawo, jini ya sauka, kuma na koma kusa da nauyina na da ba tare da ciwo ba. Yanzu duk bayan mako shida nakan ware mako guda in sassauta.

Iyayenmu ma sun san wannan. A al'ada da kaka ake dambe, in damina ta faɗi ɗan dambe ya kwance zare ya nufi gona. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, abin da ta nema daga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Saboda haka 'yan'uwa, ba cewa na yi a bar ƙarfe ba, masu zaman kujera ma ina roƙonsu su tashi su fara tattaki. Amma duk wanda ya ga barcinsa ya lalace, fushi ya yi masa yawa, ko ƙarfinsa yana raguwa alhali yana ƙara ƙoƙari, to ya sassauta, ya je a auna jininsa. Mai jin ciwon ƙirji ko jiri kuwa, ya tsaya nan take ya nemi likita.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.