Lambar Laftana Wright da mutum 44
Jawabin da aka karanta wa rassan Konni da Malbaza da Illela

Yau za mu yi magana a kan minda, wato lambar nan ta ƙarfe da ake rataya wa soja a ƙirji. Za mu ɗauki Bature ɗaya, mu bi lambarsa mu ga inda ya samo ta, domin ba da nisa da nan aka same ta ba.

Sunansa Wallace Wright, hafsan Ingila, an haife shi a 1875. Ya fara yaƙi a kan iyakar Indiya, sa'an nan aka kawo shi rundunar da Lugga ya haɗa don cin ƙasar Hausa. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya shiga Kano. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. A hanyar komowa labari ya iske su. Sarki ya rabu da runduna cikin dare ya yi arewa, Waziri Ahmadu kuwa ya ce shi Kano za shi, ko me zai faru. A ƙarshen watan nan, kusa da dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Zamfara, suka yi kiciɓis da Wright.

Ku ji yadda jaridar gwamnatin Ingila ta ba da labarin: Wright da hafsa ɗaya da mutum 44 sun tsaya wa mahaya 1,000 da dakaru 2,000 har awa biyu. Ƙidayarsu ce, su suka yi ta, kuma mai neman lamba ba ya rage yawan abokan gaba. Waziri ya faɗi a wurin, shi ne Kanawa ke kira Mai Shahada. Saboda wannan rana aka ba Wright Victoria Cross, lambar da babu wadda ta fi ta a sojan Ingila.

To, su wane ne mutum 44 ɗin? Ba daga Landan aka zo da su ba. Baƙar fata ne irinmu, aka ba su kaki da bindiga mai harsashi, aka ce su harbi masu mashi da takobi. Ba mu ce Wright matsoraci ba ne, wanda ya tsaya doki na zuwa kansa ya yi ƙoƙari. Amma Waziri da ya sa ƙirji cikin wuta yana sane, me za a kira shi? A takardar yabon, Bature yana da suna da muƙami da sunan rundunarsa. Mutanensa adadi ne, waɗanda aka kashe kuwa abokan gaba kawai.

Lambar nan ta yi masa rana. Ya yi Yaƙin Duniya na Farko, ya tara wasu lambobin, ya kai birgediya janar, ya zauna a majalisar Ingila daga 1928 zuwa 1931, ya mutu a 1953. Sarki Alu kuwa a Lakwaja ya rasu, a tsare, a 1926.

Wani zai ce wannan zancen ƙasar Ingilishi ne, ina ruwan Konni? Ruwanmu ne ƙwarai. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun zana da'ira ta mil 100 kewaye da Sakkwato, Konni tana ciki, a rabon Ingila. Wannan bai hana Voulet da Chanoine su ƙone Birnin Konni su karkashe mutanenta a watan Mayu 1899 ba, su ma da sojoji baƙar fata. Bayan Kwatarkwashi, Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris 1903. Da aka gama da ita, sai Turawan biyu suka sake zama a 1904 suka ja iyaka kudu, aka miƙa mu ga Faransa kamar goro. Iyakar da ta raba mu da danginmu na Gwadabawa da Sakkwato ke nan.

Haka kuma Faransa ta ɗebi samarin Adar da na Konni a yaƙe-yaƙenta. Wasu sun komo da minda. A Caroye, kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944, tsoffin fursunonin yaƙi sun nemi kuɗinsu aka buɗe musu wuta. A 1959 aka daskare fanshon sojojin Afirka, na Bafaranshe yana ta hawa, har sai bayan shekara 2000 aka soma gyarawa, lokacin da yawancinsu suna kabari.

Kada kowa ya raina tsohon soja ko lambar da ya bari, da jininsa ya saye ta. Abin da muke roƙon rassa shi ne wannan. Kowane sakatare, daga Tsarnawa da Galmi da Dogarawa har Badagishiri, ya sami littafi ɗaya. Ya bi gidajen da aka ajiye minda ko takardar soja, ya rubuta sunan mutumin da na ubansa da garinsu, da inda aka kai shi, da ko ya komo. A Konni a tambayi dattawa sunayen kakannin da aka kashe a 1899, ko da biyar aka tuna a rubuta. Wanda ba ya rubutun boko ya yi da ajami. Mu malaman makaranta za mu kwafe su, a kawo littattafan a taro mai zuwa.