Kwamfutar Wurin Aiki Amana Ce: Jawabi ga 'Yan Ƙungiya

 

Aikina a nan Birtaniya shi ne kula da kwamfutocin ma'aikata a wani kamfani, kuma ƙorafin da 'yan uwa suka fi kawo mini iri ɗaya ne: an ba su laftof a wurin aiki, amma an toshe kafar USB, an kashe Bluetooth, an hana su sauke manhaja. Wasu har suna zargin don baƙi ne aka yi musu haka. Ina tabbatar muku, a kamfanin da ya san abin da yake yi, tun daga manaja har sabon ɗauka dokar ɗaya ce. Ga dalili.

A watan Oktoba na 2017 wani mutum ya tsinci filash a kan titi a yammacin Landan. Wani ma'aikacin filin jirgin sama na Heathrow ne ya yar da shi, da fayil sama da 1,000 a ciki, ba kalmar sirri, ba kulle. Mutumin ya buɗe shi a laburaren unguwa, sannan ya kai wa 'yan jarida. Bayan shekara guda hukumar kare bayanai ta ƙasar nan ta ci Heathrow tarar fam 120,000. Wannan ɓarnar fitar bayanai ke nan. Akwai kuma ta shigowar cuta. A 2008 filash ɗaya da aka soka a laftof a wani sansanin sojan Amurka da ke Gabas ta Tsakiya ya baza cuta a kwamfutocin rundunar, har aka haramta musu filash baki ɗaya. A 2018 kamfanin IBM ma ya hana ma'aikatansa amfani da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan 'yar kafar da kuke rainawa tsaga ce.

Game da waifai kuwa, ba wuya wani ya kafa nasa a tashar jirgi ko shagon shayi, ya sa masa sunan wurin, kai kuma ka hau ba ka sani ba. Shi ya sa ake tilasta maka bi ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai kulle tsakanin laftof ɗinka da ofis.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ke faruwa a gidajenmu. Mu mutane ne masu kara. Yaro zai ce, Baba ara mini in yi aikin makaranta. Baƙo zai ce bari in sa wayata caji. Ka sani waya ma ma'ajiyar bayanai ce, kuma kwamfutar tana rubuta duk abin da aka soka mata, da lokacin, da sunan mai ita. Ranar bincike sunanka za a gani. Ga wanda kamfani ya ɗauki nauyin bizarsa, rasa aiki ba ƙaramin abu ba ne: yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara iyalinsa ya bar ƙasar.

Don haka ina roƙonmu abu uku. Kada kowa ya taɓa laftof ɗin aiki sai kai. Kada ka tura takardun ofis zuwa imel ɗinka ko WhatsApp da sunan za ka ƙarasa a gida. In kuma ya ɓata ko an sace, ka sanar nan take, ko da tsakar dare ne, domin doka ta ba kamfani awa 72 kacal ya kai rahoto idan bayanan mutane suna cikin haɗari.

'Yan uwanmu na gida masu makarantu, asibitoci da shaguna, maganar ta shafe ku, don Najeriya ma ta kafa dokar kare bayanai a 2023. Ba sai kun kashe kuɗi da yawa ba. Ku kunna BitLocker idan Windows ɗinku na da shi, don ko ɓarawo ya cire ma'ajiyar kwamfutar ba zai iya karanta komai ba. Kowane ma'aikaci ya sami kalmar sirrinsa, ikon sauke manhaja ya tsaya a hannun mutum ɗaya. Ku raba waifai na baƙi da na ofis. Duk wanda ya bar aiki, a rufe asusunsa a ranar.

Sai dai idan kun toshe hanya, ku buɗe wa ma'aikaci wata mai tsaro ta aika fayil, in ba haka ba zai nemo tasa a ɓoye.

Mai tambaya ya same ni bayan an tashi. Allah Ya tsare mana hanyar abincinmu, Ya ƙara haɗa kanmu. Wassalamu alaikum.