Ranar Zuwan Sufeto a Makarantun Ardwick

Dattawan da suka shiga makarantar boko a Nijeriya ta Arewa kafin samun mulkin kai ba su manta da kalmar elementare ba, kamar yadda takwarorinsu na Kudu da na Gana ba su manta da sitanda shida ba. Kalmomin nan biyu daga Ingila suka taso, kuma a bayansu akwai wani tsari na koyarwa da jarrabawa wanda ya mallaki azuzuwan yara har kusan shekara arba'in. Ana iya ganin yadda tsarin ya yi aiki a Ardwick, wata unguwa da ke kimanin mil guda kudu maso gabas da tsakiyar birnin Mancesta.

Da fari Ardwick ƙauye ne mai lambuna, inda attajiran Mancesta kan gina gidajensu don su huta da hayaƙin gari. Amma kafin tsakiyar ƙarni na goma sha tara hayaƙin ya tarar da su. Aka shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa, aka kafa masaƙu da ma'aikatun ƙarfe, aka jera ƙananan gidajen ma'aikata layi layi, attajiran kuwa suka ƙaura. Daga masaƙun wannan yanki ne ake samun irin akokon da fatake suka riƙa sayarwa a kasuwannin Afirka ta Yamma. 'Ya'yan masu saƙa shi su ne yaran da za a ba da labarinsu.

A cikin shekarar 1862 Robert Lowe, wanda ke riƙe da sha'anin ilmi a gwamnatin Birtaniya, ya fito da sabuwar ƙa'ida ta ba makarantu taimakon kuɗi. Ya shaida wa Majalisar Dokoki cewa idan tsarin bai zo da araha ba zai zo da inganci, idan kuma bai zo da inganci ba to zai zo da araha. Ga yadda lissafin yake. Makaranta za ta sami sule huɗu a kan kowane yaro bisa ga yawan masu zuwa kullum. Sa'an nan akwai sule takwas a kan kowane yaron da ya wuce shekara shida, wanda ya halarci zaman aji fiye da sau 200, na safe ko na yamma, amma da sharaɗin ya ci jarrabawar karatu da rubutu da lissafi a gaban sufeton gwamnati. Duk fannin da ya faɗi a cikin ukun nan, sai a zabtare sule biyu da kwabo takwas. Yaron da ya faɗi duka ukun ya sa makarantarsa asarar sule takwas ke nan, kuma da yake sau da yawa albashin malami ya rataya ne a kan wannan taimako, asarar kan biyo shi har tukunyar gidansa.

Aka kasa yara mataki shida, watau sitanda ɗaya zuwa shida. A mataki na farko ana so yaro ya karanta ɗan labari mai gajerun kalmomi, ya rubuta manya da ƙananan baƙaƙe a kan allo idan an yi masa shifta, ya san alƙaluma zuwa 20, ya kuma yi tarawa da ɗebewa da ka zuwa 10. A mataki na shida ana so ya karanta sakin layi daga jarida, ya rubuta wani da shifta, ya kuma yi lissafin takardar ciniki irin ta kanti. Allon nan na baƙin dutse ne, ana rubutu a kansa a goge, don haka almajirin Kano ko Katsina da ya ga ajin ba zai rasa abin da ya sani ba, sai dai shi yana wanke nasa allon ne bayan ya hardace, su kuwa galibi da yawu da hannun riga suke goge nasu.

A 1870 aka yi dokar da ta kafa hukumomin makarantu a garuruwa. Kafin a yi ta an sha gardama, kuma birane biyu ne suka ja ragamar gardamar. A Birmingham, a 1869, George Dixon da Joseph Chamberlain da abokansu suka kafa ƙungiya mai neman ilmi kyauta, na tilas, wanda ba ya ƙarƙashin wata ɗariƙar addini. A Mancesta kuma, a wannan shekara, aka kafa wata ƙungiyar mai kare makarantun coci. Dokar ta raba gardama: makarantun coci suka ci gaba, hukuma kuma ta gina nata inda babu isassu. Amma duka biyun sufeto ɗaya ke auna su, da mudu ɗaya.

To, yaya mako yake tafiya a irin wannan makaranta? Dokar 1870 ta ce tilas a manna jadawalin darussa a bango, inda kowa zai gani, kuma darasin addini ya zo a farkon zama ko a ƙarshensa, domin uban da ba ya so ya iya janye ɗansa ba tare da ya rasa sauran karatu ba. Ran Litinin da safe kowane yaro kan zo da kuɗin makaranta na mako, 'yan kwabbai a dunƙule a hannu, har zuwa 1891 lokacin da aka soke biya a yawancin makarantu. Wanda gidansu babu kwabon yakan zauna gida, ko a kore shi ya je ya kawo. Litinin ɗin ce kuma ranar wanki a gidajen ma'aikata, saboda haka kujerun 'yan mata kan yi gibi, don an tsare su su yi reno ko su ɗebo ruwa. Ana kiran suna safe da yamma, ana kuwa kiyaye rajista kamar littafin banki, tun da kowane alama a cikinta kuɗi ne. Da tsakar rana a tashi kowa ya tafi gida cin abinci, a komo da azahar.

Mafi yawan sa'o'in mako karatu da rubutu da lissafi suka cinye su. Yara kan rera jadawalin sau da murya ɗaya, su kwafi rubutu layi bayan layi, su maimaita littafin karatu guda daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. 'Yan mata tilas su koyi ɗinkin hannu, domin makarantar da ba ta koyar da shi ba ta samun taimako. Daga 1871 aka yarda maza su yi fareti irin na soja, a lissafa shi cikin lokacin karatu. Akwai kuma darasin da malami kan kawo wani abu, kamar ƙullin auduga ko gutsuren kwal, ya yi tambayoyi a kansa. Niyyar mai kyau ce, watau a koya wa yaro lura da ido, amma a hannun malamin da ya gaji yakan koma jerin amsoshi da ake hardacewa. Labarin ƙasa da tarihi da nahawu sai da aka sa musu nasu kuɗin, a 1867 da 1875, kafin suka sami wurin zama sosai a jadawali. Masu koyarwa da yawa su kansu yara ne, 'yan shekara goma sha uku zuwa sama, waɗanda ke koyon aikin malanta na shekara biyar a ƙarƙashin babban malami.

An san waɗannan abubuwa dalla-dalla domin ƙa'idar 1862 ta umarci kowane babban malami ya ajiye littafin abubuwan da ke faruwa a makarantarsa, ta kuma hana shi rubuta ra'ayinsa a ciki. Ire-iren littattafan nan sun cika da labarin ƙyanda, da tsananin sanyi, da yaran da ba su zo ba don ba su da takalma, da gwaje-gwajen da babban malami kan yi wa aji aji don ya san inda aka kwana kafin babbar rana.

Babbar ranar kuwa sau ɗaya take zuwa a shekara. A share makaranta, a gargaɗi iyaye su yi wa yara wanka. Sufeto, wanda galibi mutum ne da ya fito daga jami'ar Okusfod ko Kambirij, yakan zo da mataimakinsa, su kira yara ɗaya ɗaya. Akwai rahotannin da suka nuna har yara marasa lafiya akan ɗauko daga shimfiɗa a kawo su, don kada makaranta ta yi asarar sulallansu. Ɗan shekara bakwai da ya ji baƙuwar murya tana yi masa shifta da irin Turancin da bai taɓa ji a unguwarsu ba yana iya ruɗewa, ko da ya san abin, amma ba a yi wa ruɗewa gurbi a takardar sufeto ba.

Adalci ne a faɗi abin da tsarin ya gyara. Kafinsa malamai da dama kan mai da hankali ga 'yan ƙalilan masu kaifin ƙwaƙwalwa su bar sauran, kamar yadda hukumar bincike ta Newcastle ta koka a rahotonta na 1861. Yanzu kuwa kowane yaro yana da farashi, ba wanda za a manta da shi a ƙuryar aji. Arahar da Lowe ya yi alkawari ita ma ta samu, gama taimakon gwamnati ya sauka daga fam dubu 813 a 1861 zuwa wajen fam dubu 636 a 1865. Sai dai ɓarnar ta fi gyaran nauyi. Mai hazaƙa ba a barinsa ya yi gaba, domin ba riba a tsallake mataki. Sufetoci sun sha tarar da yaran da suka hardace littafin karatu kaf, suna kawo shi tiryan-tiryan, amma in an ba su wani littafin sai su yi tsuru-tsuru. Matthew Arnold, marubucin nan da ya yi aikin sufeto shekara 35, ya yi ta sukar tsarin a rahotanninsa, yana cewa ya mai da koyarwa aikin inji. Duk da haka aka fitar da shi zuwa ƙasashen waje: dokar ilmi ta 1882 da ta shafi Ikko da Gwalkwas ita ma ta ɗaura wani kashi na taimakon makarantu a kan sakamakon jarrabawa.

A Ingila an fara sassautawa daga 1890, kuma kafin 1900 an daina biya bisa ga sakamako. Amma malaman da aka rena cikin tsarin su ne ke riƙe da azuzuwa, kuma hali zanen dutse. Wata yarinya da aka haifa a 1891 a titin Coral, daf da Ardwick, ta ɗanɗana wannan. Sunanta Ellen Wilkinson, ubanta ma'aikacin auduga ne wanda daga baya ya koma wakilin kamfanin inshora. Ta fara karatu a makarantar da aji biyar ke cikin ɗaki guda, rashin lafiya ya tsare ta a gida wajen shekara biyu, a can ta koyi son littafi. Tana shekara goma sha ɗaya ta ci sukolashif zuwa babbar elementare ta Ardwick. A 1906 ta sami taimakon fam 25 don koyon malanta, rabin mako tana kwaleji, rabi tana koyarwa a makarantar titin Oswald. Ta so ta jawo hankalin yara da abin da zai ba su sha'awa maimakon hadda, wannan ya haɗa ta da na gaba da ita, har ta yanke shawara aikin ba nata ba ne. Ta shiga Jami'ar Mancesta a 1910, ta karanta tarihi, ta shiga siyasa.

A 1945 wannan yarinya ta zama Ministar Ilmi a gwamnatin Clement Attlee, mace ta biyu da ta taɓa zama a majalisar ministocin Birtaniya. A watan Nuwamba na shekarar ita ta shugabanci taron Landan da ya haifi UNESCO. A gida kuwa ta tsaya kai da fata sai an ɗaga shekarun barin makaranta daga 14 zuwa 15, ko da yake wasu ministoci na cewa babu malamai, babu gine-gine, a dakata. Aka horar da tsofaffin sojoji su zama malamai cikin shekara guda, aka kakkafa azuzuwan wucin gadi a filayen makarantu. Daga 1946 kuma aka shiga ba 'yan makaranta madara kyauta kowace rana, ƙaramar kwalba ɗaya, abin da ya zama wani yanki na jadawalin safe. Ta rasu ran 6 ga Fabrairu 1947, saura 'yan makonni dokar shekara 15 ta fara aiki ran 1 ga Afrilu. Wata makarantar sakandare a titin Hyde, cikin Ardwick, ta ɗauki sunanta har zuwa 2000 da aka rufe ta.

Jarrabawar ƙasa ta koma makarantun firamare bayan dokar ilmi ta 1988. Tun daga 1995 'yan aji shida, masu shekara 10 zuwa 11, suke zama jarrabawar Turanci da lissafi, a watan Mayu, kuma daga 1997 aka fara buga sakamakon makarantu a jere, kowa ya ga na sama da na ƙasa. Ba a zabtare wa kowa sule biyu da kwabo takwas yanzu. Amma kasafin makaranta yana bin yawan yaranta ne, iyaye kuma suna duba jerin nan kafin su zaɓi inda za su kai 'ya'yansu, saboda haka igiyar da ta ɗaure kuɗi da sakamako ba ta tsinke ba, tsawo ta ƙara. Ƙorafin malamai ma bai sake ba, cewa watannin da ke gaban jarrabawa bita kan cinye su, zane da waƙa da tarihi su matsa gefe. A 2010 wajen kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun firamare na Ingila suka ƙi gudanar da jarrabawar baki ɗaya.

An kuma ƙara wasu gwaje-gwajen a ƙananan azuzuwa. Daga 2012 kowane ɗan aji ɗaya yakan karanta wa malaminsa kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira ne marasa ma'ana, don a tabbata yana haɗa baƙaƙe ne da kansa, ba hadda yake kawowa ba. Da sufetocin zamanin Lowe sun sami wannan dabara da sun yi murna da ita. Daga 2022 kuma ya zama tilas ɗan aji huɗu a Ardwick, kamar sauran tsararrakinsa a Ingila, ya zauna gaban kwamfuta a watan Yuni ya amsa tambayoyi 25 na jadawalin sau, har zuwa 12 sau 12, kowace tambaya cikin daƙiƙa shida.