Yadda Ake Tantance Magini Kafin a Ba Shi Takardar Shaida

 

Yau zancenmu a kan gini ne. Na san wata za ta ce, mu da muke cikin gida ina ruwanmu da siminti da bulo? To, 'yar'uwa, ɗaga kai ki dubi rufin da ke samanki. Wa ya fi daɗewa a ƙarƙashinsa? Maigida ya fita tun safe, ke da yara ne a ciki dare da rana. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Dalilan rushewar gini suna da yawa, akwai ha'incin kayan aiki, akwai rashin sa ido, amma rashin ƙwarewar hannun da ya yi aikin yana cikinsu. Ban da wannan, da yawanmu muna da ɗa ko ƙane da aka kai wajen birkila ko kafinta koyon sana'a. Ya kamata mu san ta yaya ake gane ya iya.

A da, ido ne alƙali. Yaro zai yi shekaru yana kwaɓa ƙasa, yana miƙa tubali, har ranar da ubangidansa zai ce ya isa, a yaye shi. A manyan garuruwa akwai Sarkin Magina mai lura da 'yan sana'ar. Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, aikinsa ne shaidarsa. Sai dai yanzu yaro yakan bar garinsu ya tafi Abuja ko Legas neman aiki, inda ba wanda ya san ubangidansa. A can takarda ake tambaya.

Tun da daɗewa Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gwajin masu sana'a, mataki uku: ana farawa da na uku, sai na biyu, na ɗaya shi ne ƙoli. Daga baya, a 2013, gwamnatin tarayya ta amince da wani tsari na ba da shaidar ƙwarewa a bakin aiki, wanda yanzu ake kira NSQ, ƙarƙashin kulawar hukumar ilimin fasaha ta NBTE mai hedikwata a Kaduna. Salon ya samo asali ne daga Ingila, inda suka kafa irinsa a 1986. Shi zan yi mana bayani.

Abu na farko, ba zaman aji ake yi a raba takardar tambayoyi ba. Ana rarraba sana'ar kashi-kashi. A aikin birkila, misali, kiyaye lafiya a wurin aiki kashi ne, haɗa kwaɓi kashi ne, jera bulo kashi ne, filasta ma haka. Kowane kashi an rubuta abin da ake so mutum ya iya a cikinsa.

Na biyu, akwai mai tantancewa, wanda ya san sana'ar kuma aka horar da shi kan aikin tantancewa. Shi zai je inda yaron yake aiki ya tsaya yana kallo. Ya sa hular kwano da takalmin aiki? Ya auna yashi da siminti, ko da ka ya zuba? Ya ja igiya? Bangon ya tashi a miƙe, ko ya yi ciki?

Na uku, tambaya da baki. Zai iya ce masa, ta yaya ka san kusurwar ɗakin nan ta daidaita? Wanda ya iya zai auna ƙafa 3 a jikin bango ɗaya, ƙafa 4 a ɗayan, in tsakanin alamun biyu ya ba da ƙafa 5 cif, kusurwa ta yi. Ko ya ce, me ya sa ake ba sabon kankare ruwa? Amsar ita ce, siminti da ruwa yake yin ƙarfi, in ya bushe da wuri sai ya yi rauni ya tsattsage. Shi ya sa ake jiƙa shi kamar mako guda, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Kun ga ke nan ana son hannu ya iya, kai kuma ya san dalili.

Na huɗu, tara hujja. Yaron zai buɗe fayil yana ajiye hotunan ayyukansa, da rahoton mai tantancewa, da shaidar ubangidansa ko shugaban aikin cewa lallai shi ya yi da hannunsa. Bayan haka wani jami'in cibiyar zai bi aikin mai tantancewar, sannan wani daga waje, daga hukumar da ke ba da takardar, ya sake dubawa. An yi haka ne don kada sanayya ko son kai su shiga.

Sakamakon kuma iri biyu ne kawai: ya ƙware, ko bai ƙware ba tukuna. Ku lura da kalmar tukuna. Wanda bai kai ba, za a nuna masa inda ya gaza, ya je ya ƙara koyo ya dawo a sake duba wannan kashin. Haka kuma wanda ya shekara goma yana gini ba takarda, tsarin ya yarda a tantance abin da ya riga ya iya, ba sai ya koma farko ba.

To, mene ne namu a ciki? In ɗanki yana koyon sana'a, idan ya dawo da yamma ki tambaye shi me ya yi yau da hannunsa. In wata shida ta wuce amsar ba ta wuce ɗaukar bulo da ɗebo ruwa ba, ki yi wa mahaifinsa magana cikin hikima ya je ya ga ubangidan. Ki sa shi ya riƙa ɗaukar hoton aikinsa da waya, ke kuma ki adana masa takardunsa yadda kike adana na asibiti. Ki roƙi maigida ko yayansa su je kwalejin fasaha mafi kusa ko ofishin ƙwadago su tambayi yadda ake rajista. Wanda duk ya ce a kawo kuɗi ya kawo takarda ba tare da an ga aikin yaro ba, ku guje shi, domin ranar da aka miƙa wa yaron cokalin gini a gaban injiniya asiri zai tonu.

Ke kuma da kika ɗauki adashi ko kika sayar da tumakinki za ki gyara ɗaki, ko ki tayar da shago a ƙofar gida, kada kunya ta hana ki bincike. Ki aika a tambayi maginin wa ya koya masa, yana da shaida, kuma ina ginin da ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce. A je a gani, don damina ba ta rufa wa mugun gini asiri. Kuɗinki ne, kuma 'ya'yanki ne za su kwana a ciki.

Nan za mu dakata. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a sana'arsu, ya tsare mu da gidajenmu. Sai mun sake saduwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.